Kafin A Zubar Da Tsohon Tire: Jagorar Gane Farantan Kamfanonin Giya Na Da

A wuraren da 'yan jari bola ke sauke kaya a Fatakwal da Anacha da Inugu, shari'ar kowane ƙarfe iri ɗaya ce: a kara masa maganaɗisu, a jefa shi tarin baƙin ƙarfe ko na alminiyon, a ɗora a sikeli, a biya kuɗin kilo. Yaran da ke tura kura lungu-lungu suna kiran "ayan kwandem" ba su da lokacin karanta abin da ke rubuce a jikin kaya. Amma cikin tarkacen da suke kwasowa daga tsofaffin mashaya da otal-otal da gidajen da ake rushewa, akan dace da wani abu da rubutunsa ya fi nauyinsa daraja, wato tire ko farantin talla na kamfanonin giya da na lemo, irin wanda ake jera kwalabe a kai. Galibinsu ba su kai rabin kilo ba, don haka a sikeli kuɗin ɗaya da ƙyar ya sayi kofin shayi. Masu tara kayan da kuwa ba kilo suke tambaya ba. Sunan kamfanin suke nema, musamman idan kamfanin ya mutu ko wani ya haɗiye shi.

Nan ne ɗan Arewa mazaunin Kudu yake da sa'ar da bai san da ita ba. Daga Anacha zuwa Fatakwal, a bi ta Inugu da Umuahiya da Aba, ƙasa ce da ta cika da masana'antun giya a shekarun 1970 da 1980, yawancinsu kuma yau babu su, ko dai sun rufe ko sun koma ƙarƙashin manyan kamfanoni uku. Tsohon ƙarfen garuruwan nan kuwa ta hannun mutanen unguwannin da Ibo ke kira Ama Hausa yake ratsawa. Zama ne mai dogon tarihi: a shekarun 1950 magajin garin Inugu na farko ma, Malam Umaru Altine, falken shanu ne daga ƙasar Sakkwato. Dillancin kayan tarihi shi ma ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya daɗe yana ɗauko sassaƙe-sassaƙe da duwatsun wuya da kayan tagulla daga ƙauyuka ya baje su a ƙofar otal-otal na Legas da Abidjan.

Akwai tambayar da za ta zo wa mai karatu tun kafin a je ko'ina, gara a taɓa ta yanzu. Giya haramun ce a Musulunci, malamai kuma suna kawo hadisin da ya la'anci mutum goma a kanta, har da mai ɗauka da mai sayarwa. Faranti ba giya ba ne, ɗan jari bola ma kullum yana saye yana sayarwa a matsayin ƙarfe ba tare da ya duba ba. Sai dai sayar da shi saboda tambarin da ke jikinsa wani mataki ne daban, wanda ya kamata kowa ya kai wa malamin da ya amince da shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ai da wata ƙofar. Kamfanonin nan su ne dai suka fito da Maltina a 1976, Malta Guinness a 1990, Amstel Malta a 1994, ga kuma farantan Coca-Cola da 7Up da na shayi da madara, da na tunawa da bukukuwa irin su samun 'yancin kai a 1960 da FESTAC a 1977. Duk dabarar da za a bayyana a nan tana aiki a kansu ba tare da an sauya komai ba.

A Amurka kasuwar wannan kaya ta fara ƙarfi. A ƙarshen ƙarni na 19 dabarar buga zane mai launi a kan gwangwani ta bunƙasa, wani ƙaramin gari mai suna Coshocton a jihar Ohayo ya zama cibiyar aikin. Kamfanoni biyu na garin, Tuscarora da Standard, suka haɗe a 1901 suka zama Meek & Beach, bayan 'yan sauye-sauye sunan ya koma American Art Works a 1909. Hatta masu ƙera farantan ke nan sun yi ta haɗewa da sauya suna, masu tarawa kuma da wannan sauyin suke gane shekarun faranti. A 1873 Amurka na da masana'antun giya sama da 4,000. Dokar haramta giya ta 1920 zuwa 1933 ta kashe ɗaruruwa daga cikin waɗanda suka rage, manya suka cinye saura, har a ƙarshen shekarun 1970 ba su kai 100 ba. Sai faranti ya zama shaidar cewa wani gari ya taɓa mallakar kamfaninsa na kansa, jikokin ma'aikata da 'yan garin suka shiga nema. Abin da ya ci shekara ɗari a can, a Najeriya bai ci arba'in ba.

Wa ya haɗiye wa

Tarihin da mai wannan sana'a zai haddace bai fi shafi ɗaya ba. An yi wa Nigerian Brewery Limited rajista a watan Nuwamba 1946, da jarin UAC da Heineken na ƙasar Holan da wasu kamfanonin fataucin Turawa, kwalbar Star ta farko kuma ta fito daga Iganmu a Legas a watan Yuni 1949. A 1957 aka buɗe masana'anta ta biyu a Aba, sunan ya koma Nigerian Breweries Limited. Ta Kaduna ta zo a 1963, ta Ibadan a 1982. Bayan dokar kamfanoni ta 1990 aka cire Limited aka sa Plc. Sunaye uku ke nan, zamani uku. Farantin da ke ɗauke da na farko ya girmi 'yancin kan Najeriya, kuma samunsa a Gabas sai an dace ƙwarai, domin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya cinye kayan gidaje da na shaguna. Babbar kasuwar Anacha kanta ƙonewa ta yi. Guinness ya kafa tasa masana'antar a Ikeja a 1962, ta farko da ya gina a wajen Ailan da Birtaniya. A shekarar ce kuma gwamnatin Jihar Gabas ta Dakta Michael Okpara ta kafa Independence Brewery a Umuahiya, wanda ya koma Golden Guinea a 1971, gobara ta tsayar da shi a 2003 ya yi shekaru da dama a rufe. Duk abin da ke ɗauke da sunan Independence Brewery, ko da mabuɗin kwalba ne, a ware shi gefe.

Da kuɗin fetur ya shigo, kowace gwamnatin jiha da kowane attajiri ya so a ce yana da tasa masana'antar. Anacha ta samu Premier da Life. A 9th Mile, mararrabar nan da direbobin Arewa suka sani kafin a gangara Inugu, Diamond Breweries na yin Monarch. Aba na da Dubic, Awo-Omamma na da Eastern Breweries, Uyo na da Champion, gwamnatin Ribas kuma ta kafa Pabod a Trans-Amadi, yankin da mahautan Fatakwal suka daɗe suna yanka. A tsakiyar shekarun 1980 masana'antun giya a ƙasar sun haura 30, kowace tana rabon farantai da kofuna da kalanda don ta ƙwace mashaya daga hannun abokiyar hamayya. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injina suka yi tashin gwauron zabi, a 1988 kuma gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Manyan da ke da kuɗin sauya injina suka koma dawa da masara, ana yi musu lodi daga Arewa. Ƙanana suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai haɗiya. A 1993 Nigerian Breweries ya sayi masana'antar Diamond ta 9th Mile, bayan shekara goma ya buɗe katafariyar masana'antar Ama a Ameke Ngwo, nan kusa da ita. Guinness ya karɓi ta Dubic a Aba a 2004. SABMiller, wanda asalinsa na Afirka ta Kudu ne, ya shigo ƙasar a 2009 ta hanyar sayen Pabod, a 2012 kuma ya buɗe Intafact a Anacha kusa da gadar Neja, inda giyar Hero ta fara fitowa. A 2011 Heineken ya sayi masana'antu biyar daga rukunin Sona, kafin shekarar ta ƙare Life ta Anacha ta koma hannun Nigerian Breweries. A ranar ƙarshe ta 2014 Consolidated Breweries, mai "33" Export da Turbo King da Hi-Malt, wanda shi ma ya gaji Eastern Breweries, ya narke cikin Nigerian Breweries. A 2016 AB InBev ya sayi SABMiller ɗungurungum a kan sama da dala biliyan 100, shekara ta zagayo aka zuba Pabod da Intafact cikin International Breweries na Ilesa. A 2024 Diageo ya sayar wa Tolaram kashi 58.02 cikin 100 na Guinness Nigeria, Nigerian Breweries kuma ya dakatar da aiki a Awo-Omamma da Kakuri ta Kaduna.

Abin lura a duk wannan shi ne, sunan kaya ba ya mutuwa tare da kamfani. Life na nan a kasuwa, Grand Malt na nan, "33" na nan, Guinness ma ya farfaɗo da sunan Dubic daga baya. Saboda haka manyan haruffan da ke tsakiyar faranti ba su ne abin dubawa ba. Yadda dillalin shanu ke buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora kafin ya taya, haka mai sayen faranti zai bi gefensa da ido, ya nemi ƙananan haruffan da ke ƙasan zane ko a jikin leɓe. Life da ke tare da sunan Life Breweries ba ta wuce 2012 ba. Wadda ke tare da Nigerian Breweries Plc ta bayan haɗewa ce. Grand mai sunan Pabod ya riga haɗewar 2017. Hero kuwa, komai tsatsar da ta ci farantinta, bai girmi 2012 ba. Duk wanda ya ce kakansa ne ya bar masa tun kafin yaƙi, a yi masa sallama.

Idan babu sunan kamfani, ko ana son a ƙara matse lokacin, sai a duba adireshi, domin jihohi ma sun yi ta rabuwa. Jihar Gabas ta ƙare a watan Mayu 1967, aka yi East Central da South Eastern da Ribas. A 1976 East Central ta rabu gida biyu, Anambra da Imo, a 1991 aka fitar da Inugu da Abiya. Farantin da ya sa Inugu a cikin Anambra State, ko Aba da Umuahiya a cikin Imo State, na tsakanin 1976 da 1991 ne. Uyo a cikin Cross River ta riga 1987, lokacin da aka ƙirƙiro Akwa Ibom. Farashi da fam da sule ya riga 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta fara aiki. Lambar NAFDAC ba ta yiwuwa kafin 1993, lambar wayar GSM ba ta yiwuwa kafin 2001, adireshin intanet da alamar 18+ kuwa duk na baya-bayan nan ne. Sai dai a riƙe ƙa'ida ɗaya: irin wannan alama ta fi ƙarfi wajen tabbatar da cewa faranti bai girmi shekara kaza ba. Wajen yanke ranar ƙarshe tana da rauni, saboda kamfani kan ci gaba da rabon tsohon kaya har sai ya ƙare a sito, wani lokacin ma ya sake bugawa da tsohon zane.

Akwai lambobin da ke yaudarar sabon shiga. 1759 da ke jikin kayan Guinness shekarar da Arthur Guinness ya karɓi hayar masana'antarsa ce a Dablin, kuma har gobe ana buga ta. Haka 1873 a jikin Heineken, haka 1949 idan an gan ta a jikin Star. "33" ma ba 1933 ba ce, daga girman kwalbar farko aka samo ta, mai cin santilita 33. Tauraron Heineken kam yana da amfani: bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya mayar da shi fari mai jan gefe don kada a danganta shi da 'yan gurguzu, sai a 1991 ya dawo ja gaba ɗaya.

Aikin hannu da ido

Bayan karatu sai taɓawa. Wanda ya fi daraja galibi shi ne ƙarfe mai shafen gilashi, aikin da duk wanda ya taɓa ganin jeren kwalla da langa da fanteka a ɗakin iyayenmu mata ya sani. Garin gilashi ake shafawa a kan ƙarfe a gasa da wuta mai tsananin zafi har ya narke ya manne. Yana da nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, rana ba ta koɗar da launinsa, idan aka bi da yatsa kuma akan ji ɗan tudu inda launi ya hau kan launi. Inda ya ɓantale a duba da kyau: za a ga gilashin ya tsage hawa-hawa, launi a sama, baƙi ko shuɗi mai duhu a ƙarƙashi, sannan ƙarfen. Fenti ba ya yin haka, shi saɓulewa yake yi ko ya kankare. Masana'antun irin wannan kwano sun kafu a Legas da Kano tun wajen 1960, yawancinsu a hannun 'yan kasuwar Hong Kong, don haka ganin an rubuta a bayan faranti cewa a Najeriya aka yi shi ba ya rage masa komai.

Wanda aka fi samu shi ne gwangwanin da aka buga wa zane aka bi da man sheƙi. Ba shi da nauyi, yana saurin lalacewa, ja da rawaya ne ke fara koɗewa idan ya sha rana. Maganaɗisu na kama waɗannan biyun. Idan bai kama ba, to alminiyon ne ko silba. Na roba shi ne ɗan auta, kuma sai sunan kamfaninsa ya yi wuyar samu sannan ake kula shi.

Kyamarar waya ta isa gano jabu. A matso da ita kan fuskar mutumin da ke zanen, ko wurin da wani launi ke shiga cikin wani, a ƙara girma. Bugun dutse, irin na farantan Turai da Amurka na farkon ƙarni na 20, ɗige-ɗigensa ba su da tsari, manya da ƙanana a warwatse, domin da hannu aka yi su. Bugun injin baya ɗige-ɗigensa a jere suke reras, suna haɗuwa su yi ƙananan da'irori. Na firintar kwamfuta kuwa feshi ne mai laushi, sau da yawa ma a kan sitika aka buga aka manna. Farce zai gano bakinta a kusurwar da gindin faranti ya haɗu da leɓe. Tsatsa ma tana da shekaru. Tsohuwa baƙi-baƙi ce, ta ci cikin ƙarfe, tana zama inda ruwa ke kwanciya da inda gindin kwalba ya goge fenti. Wadda aka haɗa da ruwan gishiri a makon jiya jawur take, ta bazu ko'ina daidai wa daida, tana bin yatsa. Sai a kife farantin. Wanda ya yi shekara arba'in ana ajiye shi a kan tebur, dole bayansa ya goge a wuraren da ke taɓa teburin. Fuska ta tsufa baya kuwa sabo fil, akwai lauje cikin naɗi.

Ba a cika wahalar da kai wajen kwaikwayon farantin Monarch ko Premier ba, kasuwar ba ta kai nan ba tukuna. Haɗarin yana cikin kayan Beljiyam da ke shigowa a kwantena. Tsuntsun nan mai ƙaton baki da John Gilroy ya zana wa Guinness a 1935, ana ta sake buga shi a kan sababbin farantai ana sayar wa masu yawon buɗe ido, Coca-Cola ma da kansa ya sake fito da tsofaffin zane-zanensa a shekarun 1970. Irin waɗannan suna da kyau a bango, amma ba su ne na asali ba.

Mafi yawan farantan da suka lalace, a hannun mai neman gyara suka lalace. Hannun da ya saba wanke kwano da toka da yashi da soson ƙarfe, cikin minti ɗaya zai share zanen da ya tsira daga yaƙi. Abin da ake bukata ruwa ne mai ɗumi-ɗumi, sabulu mara kaifi kaɗan, da tsumma mai laushi. A fara gwadawa a wani lungu na baya. Idan launi ya biyo tsumman, a tsaya nan. Ba a jiƙa na gwangwani a bar shi cikin ruwa, domin ruwan zai shiga naɗin leɓe ya haifar da tsatsa daga ciki. Ana gama wankewa a goge shi ya bushe ƙayau a inuwa. Fetur, kananzir, tina, bilic da sampepa duk babu su a wannan aiki. Mai shafen gilashi ya fi juriya, ana iya ɗan dirza shi da soso mai laushi, amma shi ma ban da gurbin ɓantalewa. Idan ya bushe, shafa ɗan kaki siriri a goge yana hana iska cin ƙarfen.

Kada a kai wa mai fenti. Masu tarawa sun fi son tabo na gaskiya a kan gyara, kuma farantin da aka sake wa fenti ya tashi daga kayan tarihi ya koma kayan ado. Haka huda shi da ƙusa don a rataye. Lanƙwasa ƙarama a bar ta yadda take, domin guduma tana fasa gilashi tana tsage fenti.

Ajiya a waɗannan garuruwa sai da lura. Fatakwal ga ruwan sama ga laima, ga baƙin hayaƙin da ya addabi garin tun 2016 yana sauka a kan komai. Unguwannin Anacha na bakin kogi sun sha ambaliya a 2012 da 2022. Faranti ba ya kwana a ƙasa, ba ya jingina da bangon da ke tsattsafo. A sa kwali ko takarda mara rubutu tsakanin kowane biyu, domin tawadar jarida na kama fenti, a jera su a tsaye a kan kanta. Leda tana tara gumi, a guje ta.

Saye da sayarwa

Wurin nema na farko shi ne filin jari bola kansa. Mai gidan da ya nuna wa yaransa hoton abin da yake so a waya, ya kuma yi alkawarin biyan fiye da kuɗin kilo, ya cika alkawarin, cikin 'yan watanni zai ga abin da ya daɗe yana wucewa ta gabansa. Wanda ya ɓoye wa yaran dalili don ya riƙa saye da arha, kansa ya cuta, domin za su ci gaba da take su da ƙafa don su shiga buhu. Bayan nan sai tsofaffin mashaya da za a rufe, otal-otal da ake wa kwaskwarima, sitocin tsofaffin dillalan kamfani, da gidajen ma'aikatan da suka yi ritaya a Aba da Umuahiya da Ngwo. A duba cikin gida ma. Mai tsire da mai yankan kankana da mai tallar goro, wani lokaci a kan irin wannan faranti suke sana'a, kuma ba wanda zai ƙi musaya da sabon tiren silba da ɗan abu a kai. Sai dai wanda ya sha wuƙa da wuta, da wuya ya rage da abin sayarwa.

Maganar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce ta shaida. Zargin sata a kan ɗan jari bola a Kudu ba abin wasa ba ne. Ba a saye daga hannun yaron gida ko maigadi, sai daga Oga ko Madam mai kayan. A rubuta rasit ko da a fallen takarda ne, da kwanan wata da sunan wurin, a ɗauki hoton kayan a inda aka same shi. Idan kaya ne masu yawa, a sanar da shugaban ƙungiyar 'yan jari bola ko fadar Sarkin Hausawa. Wannan takarda tana kare mutunci, tana kuma ƙara farashi, domin mai saye ya fi son farantin da aka san daga wace mashaya ya fito da shekarar da aka buɗe ta.

Farashi yana bin abu uku a haɗe: wuyar samun sunan, lafiyar fuskar, da kyan zanen. Faranti mai hoton mutane ko dabba ko ginin masana'anta ya fi mai rubutu zalla farin jini. Tabo a baya ba ya rage kuɗi kamar tabo a tsakiyar zane. Masu sayen kuwa su ne masu ƙawata gidajen abinci da otal-otal a Legas da Abuja, masu shirya fim a Inugu da Asaba da ke neman kayan zamanin da, 'yan Kudu mazauna ƙasashen waje masu kewar garinsu, da Turawan da ke tara duk abin da ya shafi Guinness ko Heineken. A faɗi gaskiya, kasuwa ce siririya, faranti na iya yin wata da watanni bai samu mai taya ba. Sana'ar gefe ce, ba wadda mutum zai zuba wa jarinsa duka ba.

Wanda zai tallata a Jiji ko Facebook ko Instagram ya ɗauki hoto da rana a inuwa: gaba, baya, leɓe, ƙananan haruffan, da kowane tabo, ya ɗora rula a kai a ga faɗinsa. Ɓoye aibi ba ya haifar da komai sai rigima da dawo da kaya. Wajen yanke farashi a leƙa eBay, amma a duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da mai kaya ya sa wa suna ba, domin kowa na iya rubuta miliyan. Ba a sakin kaya sai an ga kuɗi a asusu, hoton alat ba kuɗi ba ne. Kuɗin aikawa waje kuma a tambayo shi tun kafin a sallama, don sau da yawa yakan fi kuɗin farantin.

Dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma babban abin da take nufi shi ne aikin hannun gargajiya da ya girmi 1918 da abin da ke da muhimmanci ga tarihin ƙasa. Farantin talla na 1970 ba ya cikin rukunin farko, amma jami'in kwastan bai da lokacin muhawara. Mai aika kaya masu yawa ya bi ta gidan tarihi na ƙasa da ke Inugu ko na Fatakwal ya nemi takarda. Hawa da su Arewa kuwa babu riba a ciki: jihohin da suka ɗabbaka shari'a tun 2000 sun hana cinikin giya, Hisba na aikinta, masu sayen ma ba can suke ba. Na Maltina da na lemo ne kaɗai suka cancanci tafiya kasuwar Kurmi.

Mai farawa da ƙaramin jari kada ya tsaya jiran Independence Brewery. Ya fara da sunayen da suka ɓace kwanan nan, waɗanda har yanzu ake samu da arha kuma da lafiyarsu: Consolidated, Pabod, Life Breweries da Intafact. Ya zaɓi masu tsabta kawai, ya rubuta inda ya samo kowane ɗaya. Sunan Intafact shekara biyar kacal ya yi a kasuwa, daga 2012 zuwa 2017.